Waƙa a bakin mai ita, hidimar bikin a wuyan wa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun bayan bikin waƙa na al'umma da aka kammala kwanan baya, wanda na shiga ta fuska biyu, wato na hau dandamali na rera waƙata, kuma na kasance cikin 'yan sa kai da suka ɗauki hidimar taron tun daga shirye-shirye har zuwa tattara kaya. Na yi shekaru ina halartar irin wannan taro a matsayin sha'iri kawai, in zo da takardata a aljihu, in jira a kira sunana, in rera, a tafa mini, in gaisa da abokan arziki, sannan in kama hanyar gida. Bana ne karo na farko da na rubuta sunana a takardar masu aiki, kuma abin da na gani daga bayan dandamali ya sauya mini ra'ayin da na daɗe ina riƙe da shi game da waƙa da masu ita. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce: duk sha'irin da yake da ƙarfin jiki, kuma yake son a saurare shi a bikin al'umma, ya kamata ya ɗauki wani yanki na hidimar bikin a wuyansa, masu shirya taron kuma su rubuta wannan cikin ƙa'idojinsu domin kowa ya sani tun kafin ya ba da sunansa.

Mai sauraro da ya shigo zauren taro ya tarar da kujeru a jere, lasifika tana aiki, mai gabatarwa yana riƙe da jerin sunaye, ba lallai ne ya tambayi kansa yadda aka yi aka kai ga haka ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin ni ma ban taɓa tambaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin bikin mun riƙa zama muna neman wurin da za a ba mu aro, muna rubuta takardun neman izini, muna bin waɗanda suka yi alkawarin kujeru da kayan sauti, muna karɓar sunayen masu son rerawa, muna karanta waƙoƙin da aka aiko ɗaya bayan ɗaya don a tabbatar babu zagi ko cin mutuncin wani a ciki. Mutanen da suka yi wannan aiki ba su cika yatsun hannu biyu ba, babu wanda aka biya ko sisi, kuma akasarinsu ba sa rubuta waƙa, son jin ta ne kawai ya kawo su. Sha'iran da za su hau dandamali sun ninka su sau da yawa, amma da ƙyar aka ga ƙeyar biyu ko uku daga cikinsu a wurin waɗannan zama.

Aikin da aka ba ni ranar bikin shi ne riƙe agogo da jerin sunaye. Na zauna a gefen dandamali da kati biyu a hannuna, ɗaya na nuna wa mai rerawa cewa saura minti ɗaya, ɗayan kuma na nuna cewa lokaci ya cika. Da farko na ɗauka wannan shi ne aiki mafi sauƙi a cikin duk ayyukan, amma kafin rana ta raba na gane cewa adalcin taron baki ɗaya a kan wannan agogo ya rataya. Lissafin a bayyane yake. Idan mutum 40 za su rera, kowa aka ba shi minti 3, an ci awa biyu cif, idan kuma aka ƙara minti ɗaya tsakanin saukar wannan da hawan wancan, an doshi awa uku ba tare da an saka jawabai da hutun salla a lissafi ba. Zauren aro ne, mai shi ya faɗi lokacin da za a rufe ƙofa. Saboda haka duk mintin da wani ya ƙara wa kansa, daga rabon wani da ke ƙasan jerin ya yanko shi, waɗanda ke ƙasan jerin kuwa kusan kullum yara ne da sababbin shiga.

Abin da ya faru kenan. Wani sha'iri da ake ganin girmansa, wanda ni ma na daɗe ina sha'awar aikinsa, ya hau dandamali da waƙa mai tsawo, kuma waƙar ta yi kyau ƙwarai, ba zan ɓoye wannan ba. Na ɗaga katin farko bai dubi inda nake ba, na ɗaga na biyu ya ci gaba, mai gabatarwa ya kalle ni na kalle shi, babu wanda ya iya miƙewa ya karɓi makirufo daga hannun mutumin da ya girme mu. Ya shafe fiye da minti 20. Waɗanda suka biyo bayansa suka ga cewa ƙa'idar ta karye, su ma suka riƙa ƙara baiti biyu, baiti uku. Da lokacin rufe zaure ya gabato, saura sunaye uku a takardata, kuma ni aka tura in sanar da masu su cewa ba za a samu damar kiran su ba.

Ɗaya daga cikin ukun wata yarinya ce 'yar makarantar sakandare, wadda ta zo tare da mahaifiyarta tun kafin mu gama jera kujeru. Tun safe nake ganin ta a bakin labulen bayan dandamali, tana buɗe takardarta tana ninkewa, tana motsa leɓe tana bitar baitocinta, har takardar ta yi laushi ta soma yagewa a wurin ninkin. Sau biyu ta zo ta tambaye ni, cikin ladabi, ko saura mutum nawa a kai kanta. Da na gaya mata abin da aka yanke, ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba, ta ce mini, "To, Malam, ba komai," ta ninke takardar ta saka cikin jakarta. Mahaifiyarta ce ta dube ni wani irin kallo da har yau ban manta da shi ba. A wannan lokaci na tuna cewa ni kaina na taɓa wuce lokacina a wasu bukukuwan baya, ina jin daɗin tafin da ake mini, kuma ban taɓa tambayar ko sunan wa aka soke a dalilina ba. Ban yi imani cewa dattijon nan mugu ne ba. Bai taɓa riƙe jerin sunaye ba, bai taɓa zama wanda zai je ya gaya wa yarinya ta koma gida da waƙarta ba, shi ya sa katin da nake ɗaga masa bai zama komai ba a idonsa.

Dole ne a nan in yi wa sha'irai adalci, domin ƙa'idar minti 3 ba daga cikin waƙarmu ta tsiro ba. Ta yaɗu ne daga wata gasar waƙa da wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ya ƙirƙiro a birnin Shikago na Amurka a tsakiyar shekarun 1980, inda ake ba kowa minti 3, a ce lallai waƙar ta zama tasa, ba kiɗa ba kayan wasa, a zaɓo alƙalai daga cikin masu sauraro su ba da maki daga 0 zuwa 10. Tsarin ya dace da gajeriyar waƙar da ake faɗa da baki kamar magana. Rubutacciyar waƙar Hausa kuwa tana da nata gini. Akan buɗe ta da ambaton Allah da salati, a shiga jigo a warware shi baiti bayan baiti, a rufe da addu'a, wani lokaci mawallafin ya sa sunansa da shekarar da ya rubuta ta. Na auna da agogon da ke hannuna na ga cewa baiti ɗaya na ƙwar biyar, wato mai ɗango (layi) biyar, idan aka rera shi cikin natsuwa, yana cin kusan rabin minti, wato minti 3 ba za su ɗauki fiye da baiti shida ko bakwai ba. Wanda ya zo da waƙa mai baiti 40, mabuɗi da marufi kaɗai sun isa su cinye rabonsa. A ganina ya kamata masu shirya bikin su ba rubutacciyar waƙa minti 5, su gaya wa kowa tun a takardar gayyata ya zaɓi baitocin da zai rera, a buga cikakkiyar waƙar a ɗan littafin bikin ga mai son karanta ta duka, a kuma ware zama na musamman ga dattawa biyu ko uku da za a saurari dogayen waƙoƙinsu ba tare da agogo ba. Amma ko wace ƙa'ida aka kafa, ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai masu rerawa sun ɗanɗani nauyin tsare ta.

Wani zai ce aikin sha'iri shi ne ya tsara magana, ɗaukar kujera kuma aikin wasu ne. Tarihin waƙa bai goyi bayan wannan rabon ba. Littattafan adabin Larabci sun ruwaito cewa a kasuwar Ukaz, kusa da Ɗa'ifa, inda sha'irai suke haɗuwa kowace shekara a watan Zulƙida kafin zuwan Musulunci, akan kafa wa Nabiga na ƙabilar Zubyan jar hema ta fata, ya zauna a ciki sha'irai suna zuwa suna karanta masa waƙoƙinsu yana yanke hukunci. Babban sha'iri ne, amma a wannan kasuwa aikinsa shi ne ya zauna ya saurari wasu. Kusan kowane babban sha'iri na wancan zamani kuma yana da mai ruwaito masa waƙa, wanda zai haddace ta ya yaɗa, kuma da yawa daga cikin waɗannan masu ruwayar su ne suka zama manyan sha'irai daga baya, domin hidimar waƙar wani ita ce makarantarsu. A namu tarihin, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma abin da ya kai waƙoƙin nan cikin ƙauyuka shi ne tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda mata da ake kira jaji suke zuwa wurinta su haddace, su koma su koyar da 'yan uwansu mata. Ita da kanta ta tsara wannan aiki, ta zaɓi jajin, ta naɗa su, ba ta ce ita marubuciya ce kawai ba. A ƙarnin da ya wuce ma, ƙungiyoyin sha'irai irin su Hikima, wadda Mudi Sipikin ya jagoranta a Kano, sha'iran ne da kansu suke kiran taro, su saurari waƙoƙin juna, su yi wa juna gyara. Ban san lokacin da muka soma ɗaukar kanmu a matsayin baƙin da ake gayyata a zaunar a sahun gaba ba.

Akwai kuma ribar da sha'irin kansa yake samu, wadda ban yi tsammanin ta ba. Mai riƙe agogo ba shi da damar fita waje ya yi hira, ba shi da damar duba wayarsa, dole ne ya saurari kowace waƙa daga ɗangon farko zuwa na ƙarshe. A shekarun baya, gaskiya ita ce nakan saurari mutum biyar ko shida da na sani, sauran lokacin kuma ina bitar tawa a zuci. Bana na ji kowa, kuma na koyi abin da karatun littattafan arulu, wato ilmin ma'aunin waƙa, bai koya mini ba. Karin rubutacciyar waƙarmu a kan nauyin gaɓa yake tafiya, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, bisa ma'aunin da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8, inda ya fitar da karuruwa 15, daga baya wani masani mai suna Ahfash ya ƙara na 16, malamanmu kuma suka ɗauko irin su Kamil da Mutaƙarab da Wafir da Ramal suka ɗora Hausa a kansu. To amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Kalmar da take da dogon wasali da wadda take da gajere iri ɗaya suke a takarda, saboda haka ɗango yana iya yin kyau a ido alhali ya karye, kuma ba za a gane ba sai an rera shi a gaban jama'a, mai rerawa ya yi tuntuɓe ko ya ja wasalin da bai kamata a ja ba domin ya cike giɓi. Daga inda nake zaune na riƙa jin wannan tuntuɓe tun kafin mai shi ya ji, na riƙa ganin inda masu sauraro suke gyaɗa kai da inda suke soma motsi a kujera, na ga yadda amsa-amon da aka tilasta, aka jawo kalma don kawai ta ƙare da harafin da ake so, yake sanyaya zaure nan take. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma haka ne, amma kunnen mai sauraro ne yake gwada ingancinta, sha'irin da ba ya zama ya ji na wasu kuwa ya hana kansa wannan makaranta.

Da lokacina ya zo, kafin abin da ya faru da dattijon nan, na miƙa wa wata abokiyar aiki agogon na hau. Waƙar da na zo da ita baiti 18 ce, amma tun ina zaune na soke 11 da biro, domin na riga na ji da kunnena abin da zaure yake iya ɗauka. Ina cikin baiti na uku makirufo ya ɗauke. Na tsaya ina duban takardata, sai na hango saurayin da ke kula da kayan sauti ya rarrafa ta ƙarƙashin tebur da tocilar waya a bakinsa yana laluben inda waya ta kwance. Na san shi, domin tare muka ɗauko lasifikar nan da sassafe, na kuma san bai zauna ba tun lokacin. Ganin sa ya sa na ɗaga muryata na ci gaba ba tare da na jira ba. Waƙar tana da amshi, kuma da na kai ƙarshen baitin mutanen sahun gaba suka karɓa, na baya suka ji daga bakinsu suka ɗauka, har amshin ya cika zauren. Kafin baiti na biyar sauti ya dawo. Da na sauka mutane suka yi ta yaba mini a kan yadda ban rikice ba, babu wanda ya je ya yi wa saurayin sannu, alhali gwiwar wandonsa ta yi fari da ƙura. A da, da ni ma ban gan shi ba.

Na san akwai masu uzuri na gaskiya, kuma ba na so a fahimci maganata a matsayin tilasta wa kowa ɗaukar kaya. Akwai tsofaffi, akwai masu lalurar gani ko ta tafiya, akwai mata masu goyo, akwai wanda ya yi doguwar tafiya ya iso a gajiye. Akwai kuma gaskiyar cewa mai shirin rerawa yana buƙatar ɗan lokaci na natsuwa kafin ya hau, saboda haka bai kamata a ɗora masa aiki a rabin awar da ke gabanin kiran sunansa ba. Amma hidima iri-iri ce. Dattijon da ba zai iya ɗaga benci ba yana iya zama da yara uku kwana ɗaya kafin bikin ya saurari waƙoƙinsu ya daidaita musu kari. Wanda ya rera da safe yana iya tsayawa a ƙofa da yamma ya tarbi baƙi. Wanda yake da kyakkyawan rubutu yana iya riƙe rajista. Abin da nake nema shi ne awa ɗaya ko biyu daga kowane mai rerawa, a rubuta a gaban sunansa kamar yadda ake rubuta sunan waƙarsa.

Rajistar nan da na ambata ta cancanci a tsaya a kanta. Cikin waɗanda suka rera akwai wani tsoho da ya zo da waƙarsa a rubuce da ajami, a takardun da suka yi ja saboda daɗewa, ɗaure cikin wata 'yar jakar fata. Idonsa ya yi rauni, hasken dandamali kuma yana dukan fuskarsa ya bar takardar cikin inuwa, sai da wani daga cikinmu ya tsaya a bayansa ya haska masa. Ya rera da wata murya ta mutanen da, wadda ban ƙara jin irin ta ba a ranar. Wayoyi da yawa sun ɗauke shi, kuma na tabbata hoton yana yawo yanzu a WhatsApp da Facebook, amma ina shakkar ko akwai ɗaya cikin goma da ya rubuta sunansa ko sunan waƙar a ƙasa. Haka waƙoƙi suke rabuwa da masu su, bayan 'yan shekaru a ji wani yana rera su a matsayin nasa, ko a riƙa cewa ba a san mawallafin ba. Bikin da ya san abin da yake yi yana buƙatar mutum biyu da aikinsu kawai shi ne su nemi izinin kowane sha'iri kafin a naɗi muryarsa, su rubuta cikakken sunansa da sunan waƙar da ranar da aka rera ta, su ɗauki hoton takardar idan ya yarda, su ajiye kwafi a ɗakin karatu mafi kusa. Wannan aiki ya fi dacewa da sha'iri, domin shi ya san zafin a raba mutum da baitinsa, kuma shi ne zai iya karanta ajamin ya juya shi zuwa boko ba tare da ya ɓata kari ba.

Ba zan rufe ido ba a kan wani ƙorafi da 'yan sa kai suke yi, wanda na ji da kunnena muna tattara kujeru bayan kowa ya watse. Sau da yawa kalmar sa kai takan zama hanyar da ake amfani da ƙarfin matasa kyauta, a yi godiya ga manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka zo a makare suka tafi da wuri, a manta da waɗanda suka kwana suna aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara domin 'yan sa kai tun 1985, hukumar UNESCO kuma, a babban taronta na birnin Paris a 1999, ta ayyana ranar 21 ga Maris a matsayin ranar waƙa ta duniya, da nufin raya al'adar rera waƙa a gaban jama'a da ba harsunan da ke fuskantar barazana damar a ji su. Mukan yi murnar ta biyun mu manta da ta farkon, alhali ba za a yi taron 21 ga Maris ba sai da mutanen 5 ga Disamba. Haƙƙin ɗan sa kai ne a raba aikin kashi-kashi yadda zai samu ya zauna ya ji waƙa, tun da son ta ne ya kawo shi, a kula da yadda zai koma gida idan dare ya yi, a karanta sunansa a gaban taro, a ba shi takardar shaida da zai iya nunawa wata rana. Idan sha'irai suna cikin masu aikin, waɗannan abubuwa ba za su gagara ba, domin muryarsu ake ji a kwamiti.

Kada kuma a raina abin da ƙaramin biki zai iya zama. A shekarar 1991, lokacin da birnin Medelin na ƙasar Kolombiya yake fama da kashe-kashen 'yan safarar ƙwaya, wasu sha'irai da suke buga wata mujallar adabi ne suka shirya bikin waƙa da hannunsu, suka fitar da shi fili inda kowa zai ji kyauta, a lokacin da mutane suke tsoron taruwa. Bikin ya ɗore yana gudana kowace shekara, sha'irai daga ƙasashe da dama suna halarta, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2006. Sha'iran ne suka fara shi, su ne masu rerawa kuma su ne masu shiri.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo gare ka da sauran 'yan jarida. Rahoton bikin waƙa da aka saba bugawa yakan ƙare a jerin manyan baƙi da abin da shugaban taro ya faɗa, da hoton babban tebur, ba tare da ko baiti ɗaya daga waƙoƙin da aka taru dominsu ba. Ina roƙon wakilinku, idan ya je irin wannan taro, ya leƙa bayan dandamali ya yi magana da masu aiki, ya kuma karɓo waƙa biyu ko uku daga sababbin sha'irai a buga su da sunayen masu su. Ina roƙon jaridarka ta riƙa buga sanarwar neman 'yan sa kai makonni kafin biki, kamar yadda take buga sanarwar bikin kansa. A zaman da kwamitinmu ya yi bayan taron na gabatar da shawarar cewa baɗi sababbin shiga ne za su buɗe dandamali, manya su biyo baya, kuma sunaye ukun da aka soke bana su ne za a fara kira, an kuma amince da haka. Kafin yarinyar nan ta fita daga zauren na nemi izininta da na mahaifiyarta na kwafi waƙarta, ƙwar biyu ce mai baiti tara a kan malamar da ta koya mata karatu, karinta bai karye ko a ɗango ɗaya ba. Na haɗo ta da wannan wasiƙa, ina fatan za ka samar mata wuri a shafin adabi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka, sha'iri kuma ɗan sa kai.